Me za mu kira halin da 'yan sama jannati ke shawagi a cikinsa?

1/ Jiya ina fassara wani ɗan rubutu kan lafiyar 'yan sama jannati, sai kalmar microgravity, sunan wannan hali a Turanci, ta tare mini hanya. Na ga wasu na cewa "rashin maganaɗisun ƙasa". Ni dai wannan bai kwanta mini ba.

2/ Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa kimanin kilomita 400 ce kawai daga doron ƙasa. A can ma ƙasa na jan mutum da kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da take jan mu a nan. Da babu jan, da tuni tashar ta miƙe ta ɓace. Faɗowa suke yi, su da tashar gaba ɗaya, sai dai gudun kilomita 28,000 a awa ya sa kullum suna kuskure ƙasar, suna kewaye ta cikin minti 90. Wanda ya taɓa hawa lilo da Sallah ya san lokacin nan da lilon zai kai ƙurewa, hanjinka ya yi sama, ka ji ba a kan komai kake zaune ba. To shi ne, sai dai nasu wata shida ake yi ana cikinsa.

3/ Wani ya ce mu ce "rashin jin nauyi". Malam, a gafarce ni, wannan ai zagi ne. Ka ce wa Bahaushe wane ba ya jin nauyi, sai ya tambaye ka wane dattijo ya yi wa rashin kunya.

4/ "Shawagi" na shaho ne da jirgi, iska ke riƙe su.

5/ "Sakayau" ta fi ba ni sha'awa, har na kusa ɗauka. Matsalarta daɗi ta cika. Mai jinya ne ke cewa ya ji sakayau in ya samu sauƙi, alhali wannan hali cin jiki yake yi. Ƙashin da ya saba ɗaukar mutum, irin na ƙugu da gadon baya, yana rasa kashi 1 zuwa 1.5 cikin 100 na ƙwarinsa duk wata. Sinadarin kalsiyam ɗin da ya zube daga ƙashin ya bi fitsari, ga barazanar tsakuwar ƙoda. Jini da ruwan jiki su hauro kai, fuska ta yi suntum, hanci ya toshe kamar na mai mura, ƙafafu su tsotse. Shi ya sa kullum sai sun yi wajen awa biyu suna motsa jiki, an ɗaure su da majanyi a jikin injin gudu don kada su tashi sama.

6/ Abin da na tsaya a kai: ɗaukewar nauyi. Kamar ɗaukewar ruwa, kamar ɗaukewar wuta. Abin da aka ɗauke yana nan, kuma zai dawo, kuma ranar dawowar ce ake gane ɓarnar. Ku duba hotunan saukar kumbon Soyuz a dajin Kazakistan: ƙato lafiyayye, a ciro shi kamar jariri, a ɗora kan kujera a lulluɓe da bargo, kai na juyawa.

7/ Na san "ɗauke nauyi" na nufin rage wa mutum ɗawainiya. Ina ganin jimla za ta raba gardama. Mu gwada: "Likitan Rasha Valeri Polyakov ya yi kwana 437 cikin ɗaukewar nauyi a tashar sararin samaniya ta Mir, daga 1994 zuwa 1995, da ya sauko kuma ya taka da ƙafarsa zuwa kujera." Ni kunnena bai yi tuntuɓe ba.

8/ Abin da ya rage shi ne ɗan guntun nan "micro" na farkon kalmar microgravity, mai nuna cewa nauyin bai tafi kakaf ba, akwai ɗan ɓurɓushi. Wannan na bar wa masana kimiyya, mai karanta labarai bai buƙace shi ba. Mutanen Sakkwato da Damagaram, in akwai tsohuwar kalmar da kuke kiran wannan tashin hanji na kan lilo, ku kawo mu gani.