CBN: maganin barci ne, ko tsohuwar wiwi ce a sabuwar kwalba?

Bilkisu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na san ba ni kaɗai ke fama da rashin barci a cikinmu ba, shi ya sa na ga ya dace in faɗa muku. Wata biyu ke nan ina amfani da wani mai da ake kira CBN. Daga jikin nau'in wiwin nan da ake nomawa don igiya da mai ake samo shi, wanda ba ya bugarwa, kuma inda nake zaune doka ba ta hana sayar da shi ba. Ƙarfe goma nakan ɗiga a ƙarƙashin harshe, in kashe waya, in rage hasken ɗaki, in kwanta. A da sai in farka ƙarfe biyu in yi ta juyi ina kallon silin har gari ya waye. Yanzu sai an tashe ni. Ni dai na tsaya a kan cewa maganin barci ne na gaske, ba ya sa maye, kuma ya fi ƙwayoyin asibiti aminci tunda daga tsiro yake.

Kawu Habu: Wa alaikumus salam. Bilki, na yi farin ciki da kina samun barci, Allah ya ƙara lafiya. Amma 'yata, hankalina bai kwanta ba. Wiwi dai wiwi ce, ko a kwalba aka zuba ta ko a takarda aka naɗe ta.

Auwalu: Kawu, a gafarce ni, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Tsiron nan yana ɗauke da sinadarai irin su CBN sama da ɗari. THC shi ne mai bugarwa, CBD ba ya bugarwa, CBN kuma daban yake. A Amurka, dokar noma ta 2018 ta raba su: duk wadda THC ɗinta bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari na busasshen nauyinta ba, sai aka cire ta daga lissafin wiwin da ake sha. Daga nan kasuwar waɗannan kayan ta buɗe.

Nafisa: Yaya Auwalu, aikina ke nan a ɗakin magani, bari in sa baki. Maganar Kawu ba ta faɗi ƙasa ba. Ɗanyen ganye kusan ba shi da CBN. Sai an ajiye shi ya tsufa, iska da zafi da haske sun ci shi, sannan THC ɗin da ke ciki ya lalace ya rikiɗe ya zama CBN. Wato ɗan THC ne na cikinsa. Yana kama wurin da uban yake kamawa a ƙwaƙwalwa, wanda ake kira CB1, sai dai riƙonsa ya fi rauni sosai. Don haka a ce "ba ya bugarwa kamar THC" daidai ne, amma a ce babu ruwansa da shi, wannan kam a'a.

Kuma ba sabon abu ba ne. Shi aka fara warewa daga wiwi, a Kambirij ta Ingila, tun ƙarshen shekarun 1890. A 1940 aka haɗa shi a ɗakin gwaji, THC kuwa sai a 1964 aka tantance siffarsa a Isra'ila. Sunansa na "mai sa barci" daga bakin mashaya ya fito, masu cewa tsohuwar wiwi tana kashe jiki.

Kawu Habu: To kun ji. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Auwalu: Amma ai ba labarin mashaya kawai ba ne, ƙanwata. An gwada.

Nafisa: An gwada, kuma ga yadda ta kaya. A 1975 an yi wani gwaji a Birazil da maza biyar rak. Da aka ba su miligiram 50 na CBN shi kaɗai, ba su ji gyangyaɗi ba. Da aka haɗa musu da THC, sai suka ce jiri da nauyin ido sun fi na THC zalla. Wannan ɗan gwajin masu talla suka yi ta jingina da shi shekara da shekaru. A 2021 wani mai bincike ya tattaro duk abin da aka wallafa, ya ce babu isasshiyar hujja a kan barci.

Auwalu: Kin tsaya a 2021, ni kuma zan ƙarasa. A 2023 an wallafa gwaji da mutum kusan 300, wasu aka ba su miligiram 20 na CBN dare bakwai, wasu aka ba su abin da babu magani a cikinsa, ba wanda ya san nasa. Masu CBN sun ce farkawar tsakar dare ta ragu musu, daidai matsalar Yaya Bilki ke nan. A 2024 kuma masana a Jami'ar Sidni ta Ostareliya suka auna ƙwaƙwalwar ɓeraye, suka ga barcinsu ya ƙaru har ana kwatanta shi da na zolpidem, ƙwayar barcin da likitoci ke rubutawa.

Nafisa: Duk biyun na karanta su, kuma ban raina su ba. Amma a na 2023, babban abin da suka tashi aunawa shi ne daɗin barcin gaba ɗaya, kuma a nan bambancin bai kai yadda za a kafa hujja da shi ba. Dare bakwai ne kawai, da bakinsu mutanen suka ba da rahoto, kuma kamfani mai sayar da kayan wiwi ne ya ɗauki nauyin aikin. Na ɓerayen kuwa akwai abin da ba ka faɗa ba: jiki yana juya CBN ya zama wani sinadari da ke kama CB1 da ƙarfi. Ke nan idan yana sa barci, ta yiwu ta ƙofar da THC ke bi yake bi. Ba za a riƙe "yana aiki sosai" da "ba ya taɓa hankali ko kaɗan" a hannu ɗaya ba.

Bilkisu: Nafisa, ni ba ɓera ba ce, kuma ba a takarda na karanta barcina ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shekara biyu ina zuwa aiki ido jajur, ina yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Kada ku ce min abin da na ji a jikina ƙarya ne.

Nafisa: Wallahi Yaya ban ƙaryata ki ba, na ga halin da kika shiga kuma ya dame ni. Alfarma ɗaya nake nema: ɗauko kwalbar ki karanto mana ƙananan rubutun da ke bayanta.

Bilkisu: Ga ta. An rubuta CBN miligiram 10, sai melatonin miligiram 3, sai man kwakwa.

Nafisa: To kin gani. Melatonin shi ne sinadarin da jiki ke saki in duhu ya yi don ya sanar da lokacin kwanciya, kuma shi kansa ana sayar da shi don barci. Kashe waya da rage fitila fa, yaushe kika fara?

Bilkisu: A daren da na fara ɗigawa. Takardar da ke cikin kwalin ce ta ce a yi haka.

Nafisa: Abu huɗu kika sauya a dare ɗaya: CBN, melatonin, waya, da tsayayyen lokacin kwanciya. Cikinsu CBN ne mafi ƙarancin shaida. Tun 2016 ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta ce abin da za a fara yi wa mai daɗaɗɗen rashin barci shi ne horon gyara ɗabi'a da tunani a kan barci, kafin a kai ga ƙwaya. Sannan ko abin da aka rubuta a kwalba ba lallai shi ne a ciki ba. A 2017 an sayo kayan CBD guda 84 ta intanet aka auna: kusan kashi 31 cikin ɗari ne kawai suka dace da rubutunsu, guda 18 kuma aka samu THC a ciki.

Auwalu: Wannan laifin masu sayarwa ne, ba na sinadarin ba. Ni har yanzu ina ganin akwai wani abu a cikinsa, lokaci kawai binciken yake buƙata.

Nafisa: Mai yiwuwa, Yaya. Sai dai kafin lokacin ya zo, Yaya Bilki tana shan maganin hawan jini kullum, kuma hanta ɗaya ce take sarrafa su duka.

Kawu Habu: Ni abin da ya fi tsaya min a rai, Bilki, tafiye-tafiyenki. Dokar da ta ƙyale ki a can ba ta bin ki zuwa wata ƙasa, kuma a ƙasashe da yawa duk abin da ya fito daga wiwi laifi ne. Nafisa, in aka yi mata gwajin fitsari a wurin aiki fa?

Nafisa: Zai iya nunawa, Kawu, musamman in akwai ɓurɓushin THC a kwalbar.

Bilkisu: Ban yarda cewa banza nake sha ba, amma maganar hawan jinin ta shige ni. Ina da ganin likita ranar Alhamis, zan tafi masa da kwalbar. In ya amince, zan ajiye ta mako biyu, in ci gaba da kashe waya ƙarfe goma, ina rubuta sau nawa na farka kowane dare, sai in turo muku. Kawu, na cire ta daga jakar tafiya tun yanzu.