Shawarwarin Iyaye a Sakkwato Kan Kumburin Jijiyoyin Jini na Yara

Tattaunawar da wasu iyaye suka yi a Sakkwato ta shafi ciwon Henoch-Schönlein, wato kumburin ƙananan jijiyoyin jini da ya fi kama yara 'yan shekara 3 zuwa 10, sau da yawa bayan mura ko ciwon maƙogwaro. Alamarsa ita ce ɗigo-ɗigo masu duhu a ƙafafu da ɗuwawu, waɗanda ake jin tudunsu da yatsa kuma ba sa dushewa idan an danna, tare da ciwon gaɓoɓi da na ciki.

An ambaci zuma, habbatussauda da zogale. Babu laifi a ci su a matsayin abinci, amma babu hujjar cewa suna warkar da ciwon, wanda galibi yakan lafa da kansa cikin mako 4 zuwa 6. Abin da aka yi ittifaƙi a kai shi ne hutu, yawan shan ruwa, kunu ko fate idan ciki ya matsa, ɗora ƙafafu a kan matashi, da farasitamol.

Inda aka fi jan kunne, kuma da gaskiyarsu, shi ne batun ƙoda, domin ciwon yakan taɓa ta ba tare da an lura ba. Saboda haka a guji jiƙo da sassaƙen da ba a san haɗinsu ba, da tsaga, kuma kada a ba da ibuprofen sai da izinin likita. A riƙa gwajin fitsari da awon hawan jini har wata 6.

Idan aka ga jini a fitsari ko bayan gida, matsanancin ciwon ciki, ko zazzaɓi da sanƙarewar wuya, musamman a lokacin bazara da sanƙarau ke yaɗuwa, a garzaya Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko asibiti mafi kusa.