Wai meye sunan man giyar mota "sintetik" da Hausa?

Salam 'yan uwa. Dan Allah ku taya ni, kwana uku kenan maganar nan na min yawo a kai.

Kawuna na da wata tsohuwar mota ta Amurka ƙirar 1996, irin mai ɗaki a ciki da gado da kicin da bayi, giyarta otomatik. Ita kam sunanta bai ba mu wahala ba, tun ranar da ta shigo layinmu yara suka raɗa mata tafi-da-gidanka. Matsalar ta taso ne muna dawowa daga Abuja, a Hawan Kibo motar ta fara nishi giya ta ƙi shiga da wuri, da muka iso Jos aka zaro sandar awo sai ga man da ya kamata ya zama ja garau ya koma kamar baƙin shayi, har da ɗan ƙauri. Bakanikenmu na Farin Gada ya shafa a yatsa ya shinshina ya ce "Alhaji a yi juye, kuma sintetik za a sa." Kawu ya ce "To ɗana meye shi sintetik ɗin?" Ya ce "Na roba ne Alhaji." Kawu ya ce wallahi ba mai zuba masa roba a giya, ya karɓi makullinsa muka dawo gida.

Abin ya dame ni sosai, don bakaniken gaskiya ya faɗa kan aikin, kalma ce kawai ta kayar da shi.

Ga yadda na fahimci abin. Man da muka saba da shi daga ɗanyen mai ake tace shi, ƙwayoyin cikinsa wani babba wani ƙarami, a haka ake amfani da su. Shi kuma sintetik a masana'anta ake gina ƙwayoyin ko a sake musu fasali har su zo kusan girma ɗaya, shi ya sa zafi baya saurin cinye shi, sanyi kuma baya sa shi kauri sosai. Mu 'yan Jos mun san yadda mota ke yi da asuba a Disamba da Janairu. Kuma mota mai nauyin gida guda tana hawan dutse, ba abin da ke kashe giyarta kamar zafi.

Toh sai na fara tambaya. Wani abokina ya ce a kira shi man haɗi. Na ce je ka Dilimi ka ce a baka man haɗi ka ga kallon da za a maka, haɗi a kunnen ɗan kasuwa algus ne, ballantana akwai wanda da gaske ake cakuɗa sintetik da na gargajiya a galan ɗaya, wannan shi ya cancanci sunan. Wani ya ce tataccen mai, amma ai duk tatattu ne. Wani malamin makaranta ya kawo man kimiyya, bai yi muni ba sai dai fetur ma da kimiyya aka yi shi. Ƙirƙirarren mai kuwa da ka faɗa sai mutum ya tuna ƙirƙirarren labari, an koma gidan jiya.

Ni dai zuciyata ta tsaya kan ƙerarren mai. Maƙeri ba shi ya halicci ƙarfe ba, daga ƙasa ya fito, amma shi ke sa shi a wuta ya ba shi siffar da yake so. Malamin nan ya ce ai ba a ƙera abu mai ruwa-ruwa, na yarda kunne bai saba ba, amma wanda ya ji ƙerarre aiki da inganci zai fara zuwa masa a rai, ba jabu ba.

Sai ɗaya ɓangaren, kar a ce man giya kawai a yi shiru, don akwai mai kaurin nan na giyar manuwal wanda in aka zuba shi a otomatik an gama da ita. Tunda na inji baƙin mai muke cewa, wannan a ce jan mai, duk da jan kala ce kawai da kamfani ke sawa don a bambance. Kenan ƙerarren jan mai.

Jiya da daddare na koma wajen Kawu da wannan suna da misalin maƙeri, ya yi shiru can ya ce "To in haka ne a sa." Littafin motar nau'in jan mai da ake kira Dexron III ya ce a sa, shi kuwa kamfanin ƙera motoci na GM ya maye gurbinsa da Dexron VI tun 2005, shi za mu nema. Bakanike ya ce ba zai wanke giyar da inji ba saboda tsufanta, kaskon ƙasa zai kwance ya canza filta ya cika, wajen rabin tsohon man zai rage a ciki, sai an ɗan yi tafiya a sake juyewa, kuma mu riƙa leƙa ƙarƙashinta da safe ko sil na yoyo.

Kanikawan Apo ta Abuja da ke nan, dan Allah ku me kuke ce wa kwastomanku in dattijo ya tambaya? Asabar za mu kai motar, ina so in gwada sunan a garejin in ji yadda zai zauna a bakin yaran shago.