Annabcinsa yana cika, amma yana sayar da man shafewa

Fastoci da dattawa, don Allah ku taimaka. Gwaji biyu na gane annabin gaskiya ake koya wa matasa a ajin baftisma: 1 Yohanna 4:2, ko mutum ya shaida Yesu ya zo cikin jiki, da Maimaitawar Shari'a 18:22, ko maganarsa ta cika. To, ga mai kiran kansa annabi ya tsallake duka biyun, alhali yana sayar da kwalaben mai, yana hana mabiyansa shan maganin asibiti.

An kawo Ayyukan Manzanni 8:20, inda Bitrus ya tsawata wa Siman don ya so sayen baiwar Allah da kuɗi, matasa suka ce ai Siman saye ya nema, ba sayarwa ba. 'Ya'yan itacen da Matiyu 7:16 ya ce da su ake gane annabawan ƙarya kuwa sukan jima kafin su nuna. Wane nassi ne zai raba gardamar nan kafin mai ciwon sukari ya jefar da allurarsa?