Upcycling da Hausa: wace kalma za mu sa?

Salam jama'a, dan Allah masu Hausa a baki ku matso kusa. Ƙanwata ce ta fara wata sana'a, tana zuwa Ƙofar Wambai ta tsinto wandunan jins na gwanjo waɗanda suka yi kwantai, wani gwiwa ta fashe wani zif ya mutu, ta farke su ta ɗinka jakunkuna da rigar filo da abin rataya caja a bango. Za ta buɗe shafi a Instagram sai ta ce min yaya me zan rubuta a sama, don duk waɗanda take kallo a YouTube kalma ɗaya suke maimaitawa, upcycling, ita kuma kwastomominta matan unguwa ne ba wadda za ta iya furta wannan abu. Na ce ki ba ni kwana biyu, yau sati guda kenan ina fama.

Mu fara sallamar mai sauƙin. Jins dai jins ne, ya zauna a bakin kowa, wandon jins, siket ɗin jins, ƙyallen kuma yadin jins, ba sai an ce denim ba. Su ma Turawan Ingilishin aro suka yi, denim daga sunan garin Nim na Faransa ya fito, jins kuma daga yadda Faransawa ke kiran birnin Jenowa na Italiya. Wanda ya ari abin aro ai ba ya jin kunya.

Toh, upcycling ɗin fa? Wanda na fara tambaya ya ce "sake sarrafawa" kawai, ai haka ake faɗa a rediyo. Ban yarda ba, don wannan an riga an ba wa recycling, kuma ba abu ɗaya ba ne. Kun san masu narka gwangwanin lemo su zuba tukunyar alminiyam? Gwangwanin ya mutu gaba ɗaya, ya koma ruwa, an fitar da wani abu daga gawarsa, wannan shi ne sake sarrafawa. Amma wanda ya ɗauki gwangwanin madara ya yi fitilar aci-balbal da shi, ko ya yanka tsohuwar taya ya yi takalmi, ko ya ɗinke tub ɗin mota ya zama guga, bai narka komai ba, kana kallo kana gane asalin abin, sai dai da a bola yake yanzu kuma kuɗi ake sa wa a saya. Wannan nake nema wa suna. Abin haushi mun daɗe muna yi tun kafin kalmar ta bazu a Turai a shekarun 1990, suna ne kawai ba mu raɗa masa ba.

Wata anti ta ce kwaskwarima. A'a anti, wanda aka yi wa kwaskwarima yana nan a yadda yake, kyau kawai ya ƙara, wando ba ya tashi daga wando. Faci da maho ma haka, toshe ɓula ne. Wani ya kawo "jari bola", na yi dariya don ma'anar ta hau daram, amma ku faɗa min wace amarya ce za ta rataya jaka ta ce wannan jari bola ce hhh. "Raya tsumma" ya min daɗi a kunne sosai, ƙanwar tawa ce ta ce wallahi kar in soma sa kalmar tsumma a kusa da kayanta, kuma tana da gaskiya, jins ɗin da gwiwa kawai ta ci ba tsumma ba ne, bayan ƙafar da cinya suna nan garau.

Tunda maganar ta zo, abin da ya sa jins ya fi sauran kaya dacewa da wannan aiki saƙarsa ce. Zaren tsaye kaɗai ake rinawa da shuni, na kwance fari ake barinsa, shi ya sa in ka juya cikin wandon za ka ga fari-fari, kuma shunin bai ratsa har cikin zaren, a bayansa yake zama, sai ya riƙa koɗewa a hankali yana ba da kala-kala, wando biyar launi biyar, in aka haɗa su a jaka ɗaya sai ka rantse da gangan aka rina. Shunin nan dai irin wanda ake tsomawa a marinar Ƙofar Mata ne, sai dai na jins yanzu na kamfani ne, tun 1897 Jamusawa suka fara sayar da na haɗi. Su kuma 'yan ƙusoshin jan ƙarfe na bakin aljihu, wani tela Jacob Davis da ɗan kasuwa Levi Strauss ne suka yi musu rajista a Amurka a 1873 don aljihun leburori ya daina yagewa, yau su ne ke karya wa ƙanwata allura in ta manta ba ta cire ba. Lamba 16 ko 18 take sa wa keken, inda ɗinki ya ninku kuma sai ta ɗan daka shi da guduma kafin ta bi ta kai. Jins mai roba-roban nan da ke miƙewa ba ta ma ɗaukowa, jakar ba ta tsayawa. Kamfanin Levi's da kansa ya lissafa cewa wando ɗaya yana cin ruwa lita 3,781 daga gonar auduga har zuwa wanke-wanken mai shi, kun ga ba abin da za a cusa a kwata ba ne don zif ya mutu.

Na dawo kan kalma. Jiya ina shagon wani tsohon tela ina ba shi labari, bai ko ɗago kai daga keke ba ya ce "ai juya shi ta yi". Nan na tsaya. JUYI. Mun saba cewa ɗan kasuwa yana juya kuɗi, wato ba ajiye su ya yi ba, ya motsa su sun haihu, to ga ƙarin darajar da nake ta nema tana cikin kalmar tun asali. Kuma tana lanƙwasuwa yadda ake so, na juya wandon ya zama jaka, ɗinkin juyi, jakar juyi, 'yan juyi. Gwada yin haka da "sake sarrafawa" ka ji yadda harshe ke harɗewa.

Na san za a ce juyi na iya nufin mayar da riga bai-bai, wani ma ya riga ya tsokane ni da juyin mulki. Eh, amma gari ma ai gari ne da gari, ba wanda ya taɓa tuƙa tuwo da Katsina. In an ce ɗinkin juyi an gama magana.

Ni dai na tsaya a nan, juyi ga aikin gaba ɗaya har da na masu taya da gwangwani, ɗinkin juyi ga na tela. 'Yan uwa na Damagaram da Maraɗi da zangon Kumasi, in kuna da wata da kuke faɗa a can ku ajiye min a ƙasa kafin Juma'a, don ranar za a kai wa mai buga sitika, kuma ƙanwar tawa ta ce kuɗin bugu sau ɗaya gare ta.