Helikwafta mai rimot nau'in 450: in maye robobinsa da ƙarfe don ya daina karyewa?

Ɗan_Koyo450

Assalamu alaikum masana. Helikwaftana mai batir ne, nau'in 450, farfela milimita 325, wutsiya mai bel, batir 3S (mai sel uku) 2200mAh, inji 3550KV (juyi 3550 a minti kan kowane bolt), ƙaramar giya mai haƙora 13, babbar mai 150. Har yanzu tsayuwa a wuri ɗaya nake koyo. Duk faɗuwa sai wani abu ya karye, musamman hannayen roba da haƙoran babbar giya, kuma kayan gyara suna daɗewa a hanya. Ina tunanin sayen saitin alminiyum gaba ɗaya in huta. Hakan zai ƙara masa ƙarko? Sannan wutsiyar tana karkarwa hagu da dama, batir ɗaya kuma ya fara kumbura.

Mai_Farfela

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Ƙarfin faɗuwa ba ya ɓacewa don ka sa ƙarfe, wucewa yake ya nemi abu na gaba da zai lalata. Hannun roba na sarbo (ƙaramin injin da ke motsa sassan tuƙi) da babbar giya aikinsu irin na fis ne a wayar gida: su mutu da arha don masu tsada su tsira. Ka mayar da su ƙarfe, sai bugun ya sauka a kan giyoyin cikin sarbo, ko shaf ɗin inji, ko firam. Kuma roba in ta karye kana gani. Alminiyum lanƙwashewa yake kaɗan yadda ido ba zai kama ba, sai ka yi ta fama da jijjiga kana neman tushenta a inda babu.

Inda ƙarfe ke da amfani na gaske ba yawa: cibiyar kan farfela, faifan da sarbo uku ke karkatarwa, mazaunin boris na babban shaf, da mazaunin inji, wanda ke taimakawa wajen janye zafi. Ƙafafun sauka, hannayen sarbo, babbar giya da farfelar wutsiya, bar su a roba. Babbar farfela ma, mai koyo ya fi dacewa da ta roba mai zaren gilas a kan ta kabon, don tana ɗan lanƙwasa ta sha bugu, ga arha.

Abin da zai rage maka asara fiye da kowane saiti shi ne makunnin kashe inji a rimot. Sa shi inda yatsanka ke kai ba sai ka duba ba. Da ka ga jirgin ya kuɓuce, danna kafin ya taɓa ƙasa. Yawancin haƙoran giya da ke zubewa, inji ne ke ci gaba da turawa bayan farfela ta caki ƙasa, kuma a nan ne ESC, na'urar da ke sarrafa gudun inji, ke ƙonewa.

Sai gudun farfela. Lissafinka: 3550 sau 11.1 (bolt ɗin batirinka) sau 13, a raba da 150, ya ba da kusan 3,400. Cire kashi goma cikin ɗari na asara, kana wajen juyi 3,070 a minti in ka buɗe wuta duka. Wannan na masu wasan juyi a sama ne. Sa ƙaramar giya mai haƙora 12, ka daidaita wuta a wajen kashi 90, ka sauko wajen 2,500 zuwa 2,600. Ƙarfin da ke cikin farfela yana bin ninkin gudu ne sau kansa, saboda haka saukowa daga 3,000 zuwa 2,600 ya cire kusan rubu'in abin da zai daki ƙasa. Kada dai ka rage gudu da wuta kawai har ƙasa da kashi 70, ESC da yawa suna zafi a haka. Kuma kada ka yi ƙasa sosai, don gudun farfelar wutsiya yana bin na babbar, in ya yi kaɗan wutsiya ba za ta riƙe ba.

Kusurwar farfela: digiri 3 ƙasa da sifili a ƙasan sandar rimot, 5 a tsakiya, 9 ko 10 a sama. Da ma'auni ake yi, ba da ido ba. In ka bar 12 ƙasa da 12 sama yadda masu wasa ke yi, ranar da ka firgita ka ja sanda ƙasa, jirgin da ƙarfinsa zai nutsa cikin ƙasa.

Injiniya_RC

Malam Mai_Farfela ya gama maganar ƙarfe. Ni wutsiyar zan taɓa.

Duba irin karkarwar. In da sauri-sauri take, ƙarfin jairo, na'urar daidaito da ke riƙe jirgi, ya yi yawa, ka riƙa rage maki uku zuwa biyar kana gwadawa har ta tsaya. In a hankali take lilo, galibi ba saiti ba ne, wani abu ne ke cijewa. Cire sandar turawa daga hannun sarbon wutsiya, ka tura da yatsa. Ya kamata ta zame daga ƙarshe zuwa ƙarshe ba tare da ka ji ta tsaya a ko'ina ba. A yankinmu ƙura ce kan gaba wajen jawo wannan. Wanda ya shafa giris a shaf ɗin wutsiya ya tashi a filin ƙwallo mai rairayi, ya haɗa abin goge ƙarfe da hannunsa. Goge shaf ɗin da tsumma da ɗan sifirit, ɗigo ɗaya na mai marar kauri, ka sake gogewa har ya kusa bushewa. Babbar giya ba ta son komai a kanta. Kuma ka shimfiɗa tabarmar roba ko katako ka tashi a kai, don maganaɗisun inji yana tsince garin ƙarfe daga yashin da farfela ta tayar.

Akwai wani abin da ke ruɗa mutane lokacin hunturu. Bel yana gogar cikin bututun wutsiya, iska a bushe, sai wuta ta taru a jiki ta yi tsalle. Za ka ga wutsiya ta fizga sau ɗaya haka kawai, wani lokaci na'urar daidaito ta ɗauke. Maganin: fesa silikon kaɗan a bel, sannan ka haɗa siririyar waya daga bututun zuwa mazaunin inji, bayan ka kankare fentin wurin da za ta taɓa. Taurin bel kuma yana canzawa, bututun alminiyum yana miƙewa da zafi, don haka wanda ka ɗaure da sanyin safiya zai fi tauri da rana. In ka danna shi da yatsa ya motsa kaɗan, amma kada ya taɓa ɗaya gefen. In ka taɓa cire shi, tabbatar murɗin ya koma daidai: juya babbar farfela yadda agogo ke tafiya, fiffiken wutsiya da ke ta gaba ya riƙa hawa sama.

Bayan kowace faɗuwa, ko da ka ga kamar ba abin da ya samu jirgin, cire babban shaf ka mirgina shi a kan gilas, in ya yi ɗingishi ya tafi. Ƙaramin shaf da ke ratsa kai ya haɗa farfela biyu shi ya fi saurin lanƙwasa. Cire farfela ɗaya, sa makulli ka juya shaf ɗin, in bakin ɗayar farfelar yana hawa da sauka, canza shi. Ajiye irinsa biyar, babban shaf biyu, babbar giya biyu, bututun wutsiya biyu, ka yi odarsu lokaci guda.

Duk sukurun da ya shiga ƙarfe a sa masa gam ɗin zare shuɗi, irin Loctite 243, ɗan kaɗan a bakin tsinke. Jan gam ba ya kwancewa sai an gasa shi da zafi. Kada ko ɗaya ya taɓa roba, yana tsattsaga ta. Tsakanin ƙaramar giya da babba, sa yankin takardar rubutu ka matse injin ka ɗaure, ka zare takardar. Juya babbar giya zagaye ɗaya ka tabbatar akwai ɗan wasa a ko'ina, don ba ta cika zama da'ira sak ba.

Batir_3S

Batirin da ya kumbura ya gama aiki, kada ya sake shiga caja. Dalilan kumburi uku ne galibi: zuƙe shi da yawa, ajiye shi cike, da zafi. Kowane sel yana cika a bolt 4.2. Kada ka ci fiye da kashi 80, wato caja kada ta mayar da abin da ya haura 1,760mAh a batirinka. Sa agogon rimot minti huɗu, ka sauka, ka auna bayan ya huta. In sel yana 3.75 zuwa 3.8, daidai ne, kana iya ƙara rabin minti. Caji a amfiya 2.2, kullum da wayar daidaita sel a jone, a kan siminti, kana kusa. In ba za ka tashi gobe ba, sauke shi zuwa 3.8 ko 3.85. Da bazara kada ka bar shi cikin mota a rufe, kada kuma ka sa a caji da zafinsa. In ya fito daga jirgi ba ka iya riƙe shi a tafin hannu, ko dai lodin ya yi yawa ko batirin ya tsufa. Caja mai karɓar bolt 12 ta fi, tana aiki da batirin mota ko na sola ranar da babu wuta.

Shawagi_Kaɗai

Ni ina ganin an tsallake tambayar farko: me ya sa za a koyi tsayuwa da 450? Bakin farfelarsa a juyi 3,000 yana gudun kusan kilomita 400 a awa, yana yanka har ƙashi. Ƙarko na gaskiya yana wajen ƙananan jirage, saboda ba su da nauyin da zai karya su. XK K110 mai sel ɗaya yakan faɗi a ciyawa a ɗauka a ci gaba, in an kashe inji da wuri. OMPHobby M2 kuwa injinsa kai tsaye yake juya farfela, wutsiya ma da nata injin, babu giya babu bel, don haka rabin abin da Injiniya ya lissafa bai shafe shi ba. Blade 230 S yana da maɓallin da ke miƙar da jirgi in ka rikice. Kafin su duka akwai manhajar koyo a kwamfuta, irin Heli-X ko RealFlight, da rimot ɗinka na gaske. Ka iya tsayuwa wutsiya na kallonka, sai gefe da gefe, sai hanci na kallonka, wanda a nan hagu da dama ke juyewa.

Ranar da ka koma kan 450, tsaya aƙalla mita biyar a bayansa, babu yara a filin, nesa da filin jirgin sama da barikin jami'an tsaro. Zai ja hagu yayin tashi saboda turin farfelar wutsiya, wannan ba matsala ba ce. Kada ka yi ta gyara shi ƙafafunsa na ƙasa, na'urar daidaito tana tara umarnin ta kifar da shi. Ɗaga shi kai tsaye zuwa tsayin ƙugu.

Ɗan_Koyo450

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. To sarbo fa, in sa masu giyar ƙarfe?

Injiniya_RC

Sa su a ukun da ke ƙarƙashin faifai, da sharaɗin hannayensu su zauna a roba, su ne za su karye a madadin giyar. Na wutsiya sauri ake nema a wurinsa, nemi dijital wanda aka yi don wutsiya, kuma ka duba lambar tsakiyar siginarsa, 1520 ce ko 760, ka saita na'urar daidaito a kan haka kafin ka jona shi, in ba haka ba zai iya ƙonewa nan take. Duk wannan saiti a yi shi wayoyi biyu na inji a cire. Kafin ka mayar da su, karkata jirgin gaba da hannu, faifan ya karkata baya. In ya bi ka, alƙiblar jairo a juye take, gyara ta a saiti ka sake gwadawa ta gefe ma.