Tariff: haraji za mu ce ko kuɗin fito?

Mai Fassara: Jama'a, kalmar tariff ta cika labarai, kowa da yadda yake juya ta. Wani ya ce haraji, wani harajin kwastam, wani harajin shigo da kaya. Wacce za mu tsayar?

Malamin Tattali: Haraji tsurarsa bai isa ba, na albashi ma haraji ne. Abin da ya fi damuna shi ne a ce "Amurka ta ƙaƙaba wa China haraji". Mai sauraro sai ya ɗauka gwamnatin China ce ke biya, alhali kamfanin da ya shigo da kayan ne ke biyan kwastam na ƙasarsa kafin a sakar masa kaya. Shi ya sa na fi son kuɗin fito. A bakin kogi, mai kaya ne ke biyan mai kwalekwale, ba mutanen garin da ya baro ba.

Hajiya Edita: Malam, kuɗin fito ta yi, kuma ba baƙuwa ba ce. Sai dai kunnen matasa zai ji "fito" ya zaci kayan da ake fitarwa waje ne. A karon farko a rubuta "kuɗin fito na kayan da ake shigowa da su", daga nan a taƙaita. A kuma kiyayi "kuɗin shiga", wannan abin da aljihun gwamnati ke samu ne.

Malamin Tattali: Haka ne, Hajiya. Ga lissafin da ya sa na nace. A 2018 Amurka ta sa kashi 25 cikin ɗari kan ƙarfe, kashi 10 kan alminiyum. Ƙarfen dala 100 ya koma 125 a hannun mai shigowa. Masana'antar gida ta ga abokin gogayyarta ya yi tsada, ita ma sai ta ɗaga nata farashin. Masu narka ƙarfe sun ji daɗi, amma masu ƙera mota, ƙusa da gwangwani, waɗanda ma'aikatansu suka ninka na masu narkawa sau da yawa, su ne suka sayi ƙarfen da tsada. Injin wanki ma aka sa masa a shekarar, farashinsa ya tashi da wajen kashi 12, har na'urar busar da tufafi, wadda ba a sa mata ko sisi ba, ta bi sahu, don tare ake sayen su.

Ɗan Kwastam: Ku raba gida biyu. Akwai fito bisa ƙima, kaso ne na darajar kaya. Akwai fito bisa awo, kaza a kan kowane tan ko lita. Na ƙima shi ke jawo rigima, don mai kaya kan rage farashi a takarda.

Mai Fassara: To wanda ɗaya ƙasar ke mayarwa fa, kamar kashi 25 da China ta sa wa waken suyan Amurka a Yulin 2018?

Hajiya Edita: Fiton ramuwa. Kada a ƙara "gayya", ta yi zafi a labari.

Mai Fassara: Madalla. Na rubuta: kuɗin fito, bisa ƙima, bisa awo, fiton ramuwa. Kuma kaya ake sa wa, ba ƙasa ba.